Miliyan uku ce a hannuna, wace kyamara zan saya don fim mai dogon zango?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum manyanmu da 'yan uwa. Shawara nake nema. Na daɗe ina ɗaukar biki da Canon 80D, yanzu ni da abokaina mun rubuta labari muna so mu yi shi mai dogon zango mu ɗora a YouTube, akwai kuma wani gajeren fim da nake son in tura gasa. Abin da na tara da wanda yayana ya ƙara mini ya kama naira miliyan uku, kuma iyakarta ke nan. Hankalina ya rabu tsakanin Blackmagic Pocket 4K da Sony FX30. Lensi biyu gare ni, Canon 50mm f/1.8 da 18-135 ɗin da ya zo da kyamarar. 80D ɗin dai ba zan sayar ba, da ita nake cin abinci. Wacce zan ɗauka?

Sarkin Gimbal: Wa alaikumus salam. FX30. Ka rufe ido ka biya, an wuce wajen.

Alhaji Mai Shago: Duka biyun akwai su a ƙasa. Ka same ni ta gefe mu yi magana.

Shugaban Zaure: Alhaji a bari yaro ya ji shawara tukuna, ciniki ba ya gudu.

Ɗan Jos: Ƙanena bari mu fara da lissafi, shi zai raba rabin gardamar. In ka ɗauki dala a kan naira 1,500, kuɗinka dala 2,000 ne. FX30 ta fito a 2022 a kan dala 1,800 gangar jiki kawai, in kana son hannun saman nan mai ramin XLR, inda ake jona babban makirfo, kuwa 2,200 ce. Ke nan ka saye ta ka koma gida da kyamara tsirara, ba kati, ba batir na biyu, ba lensinta. Pocket 4K ta fito a 2018 a kan dala 1,295, kuma sabuwa tana zuwa da lasisin manhajar haɗa fim da gyaran kala ta DaVinci Resolve Studio a cikin kwali, wanda shi kaɗai kuɗinsa ya kusa dala 300.

Sai maganar hoto. 80D ɗinka 8-bit take ɗauka, kowace kala mataki 256 ke nan. FX30 tana ba ka 10-bit, mataki 1,024. Pocket tana ɗaukar Blackmagic RAW, wato ɗanyen hoton da ba a gama sarrafa shi ba, mai 12-bit, 4,096. Inda za ka ga amfanin wannan shi ne ranar da ka tsayar da jarumi baƙi wuluk cikin farar babbar riga a tsakar gida da hantsi. A 80D sai ka zaɓa, ko fuskar ta fito rigar ta ƙone, ko rigar ta fito fuskar ta nutse. Pocket tana riƙe mataki 13 tsakanin duhu da haske, a nan kowane mataki ninkin haske ne, kuma bayan an gama ɗauka kana iya sauya ISO, wato ƙarfin hasken hoton, da zafin kala a kwamfuta. Tun da ka ambaci gasa, ni Pocket zan ce.

Sarkin Gimbal: Malam ka faɗi zaƙin ka ɓoye ɗacin. Faɗa masa ba ta bin fuska da kanta in jarumi ya motsa. Faɗa masa babu abin rage girgiza a jikinta, kuma allon bayanta a manne yake, ba ya juyawa ko'ina. Batirin LP-E6 da take ci, kamfanin da kansa awa ɗaya ya rubuta, kuma kowa ya san a bakin aiki ba ya kaiwa. FX30 tana kama ido ta riƙe ko jarumin yana gudu, tana da fanka a ciki, batir ɗaya ya haura awa ɗaya da rabi.

Ɗan Jos: Ba wanda ke aikin fim da batirin cikinta ai. Babban batir irin NP-F970 ake ɗaura mata ta waje, ko V-mount.

Sarkin Gimbal: Yawwa. Da keji, da farantin batir, da waya, da SSD na ajiye fayil, da maƙalin SSD ɗin, da monita saboda rana. Ka haɗa su mu gani ko 1,295 ɗin tana nan a 1,295.

Baba Zoo Road: Ku dakata. Yaro, ku nawa ne a lokeshon? Ba 'yan wasa nake tambaya ba, masu aiki a bayan kyamara.

Ɗan Kurna: Baba mu uku ne. Ni a kyamara, abokina shi ne darakta kuma shi ke riƙe da rubutun, sai ƙanena da ke taya mu ɗaukar kaya da fitila.

Baba Zoo Road: To wa zai juya maka fokas?

Ɗan Kurna: Ni ne dai Baba.

Baba Zoo Road: Wa zai riƙe sandar makirfo?

Mai Sauti: Allah Ya ƙara girma Baba, tun ɗazu nake jiran wani ya tuna da mu. Ɗan Kurna, a cikin miliyan ukun nawa ka ware wa sauti?

Ɗan Kurna: Gaskiya Yaya ban ware ba. Ina da ƙaramin makirfon Rode na saman kyamara da nake zuwa biki da shi.

Mai Sauti: Wannan kiɗan DJ yake ɗauka da guɗar 'yan mata, ba maganar mutum biyu a ɗaki ba. Makirfo in ya wuce kamu biyu ko uku daga bakin mai magana, ɗakin kake ɗauka ba muryar ba, ballantana falon da aka shimfiɗa wa tayil. Ka ƙara da janaretan maƙwabta da Adaidaita Sahu da ke wucewa. Mutanenmu a waya suke kallo, da yawa ma sun rage ingancin hoton don tattalin data, wasu wayar tana gefe suna wanke-wanke suna saurare. Hoton da kuke ta faɗa a kansa ba lallai ya isa gare su yadda kuka ɗauka ba, amma muryar duk tana isa. In ba a jin magana, a minti na biyu za a fita.

Abin da ba makawa: dogon makirfo irin NTG na Rode ko ɗan'uwansa, sanda, rigar gashin nan ta tare iska, abin kunne mai rufe kunne duka, da rakoda irin Zoom H5. In da hali ka ƙara na maƙalawa a riga guda biyu. Kuma ka nemo mutum na huɗu wanda ba shi da wani aiki sai wannan.

Ɗan Jos: A nan ma Pocket ta ci, tana da ƙaramin ramin XLR mai ba makirfo wuta. FX30 sai ka sayi hannun.

Hajiya Edita: Sannunku da ƙoƙari. Kowa na ta zancen ɗauka, ba wanda ya tambayi inda fayil ɗin zai sauka. Ƙanena, da wace kwamfuta kake aiki?

Ɗan Kurna: Anti laftof ce HP, Core i5, RAM 8, babu katin girafik na daban. Da Premiere nake haɗa bikin.

Hajiya Edita: To ka zauna ka ji. Ko wacce ka saya a cikin biyun, wannan laftof ɗin za ta sa ka kuka, kowacce da irin nata kukan.

FX30 a 4K 10-bit 4:2:2 tana matse hoton sosai don ya yi ƙanƙanta a kati. Firem 25 a tsarin fayil ɗinta na XAVC S megabit 140 ne a daƙiƙa, kimanin gigabait 63 a awa. Matsewar nan kuwa kwamfuta ce ke warware ta duk lokacin da ka danna kunnawa, kuma tsofaffin injuna ba su da sashen da ke yin wannan aikin, sai ka ga hoto yana tsalle yana tsayawa. Dole ka riƙa yin ƙananan kwafi kana yanka da su, sai an gama a mayar da na asali. Ana yi, amma dare guda za ta kwana tana juyawa, ka yi addu'a kada a ɗauke wuta.

Blackmagic RAW ya fi sauƙin buɗewa, amma shi wuri yake ci. A matsi mafi ƙarfi, 12:1, awa ɗaya ta 4K tana cin wajen gigabait 100. In ka koma 5:1 ya ninka fiye da biyu. Fim mai dogon zango kuwa, kashi ɗaya na minti arba'in sai ka ɗauki awa huɗu ko biyar kafin ka same shi. Ka lissafa kashi goma. Sannan kowane fayil sai ya zauna a wuri biyu, wanda ya ajiye a wuri ɗaya bai ajiye ba. Shi kuma DaVinci katin girafik yake so, a RAM 8 buɗe shi ma aiki ne.

Ɗan Kurna: Innalillahi. Wato har kwamfuta a cikin miliyan ukun?

Hajiya Edita: Ko kwamfuta, ko kuɗin edita. Ɗaya dai za ka biya.

Baba Zoo Road: Sayen doki ba shi ne wuya ba, ciyar da shi. Bari in kawo muku wata da ba wanda ya ambata, na san yaran nan za su yi mini dariya. Canon C100 Mark II.

Sarkin Gimbal: Haba Baba! Ta 2014? Wadda ba ta da 4K?

Baba Zoo Road: Ita fa. Ka bari in gama. Mu mun fara da kaset, muka zo kan Sony PD170, muka ga zuwan Canon 5D lokacin da kowa ya haukace da bayan da ke dushewa. Kowane zamani akwai kyamarar da ake cewa in ba ita ba fim, bayan shekara uku ka gan ta a kan tebur ana neman mai saye. C100 ɗin nan da ta fito kuɗinta ya haura dala 5,000, yau ta hannu ba ta kai sabuwar Pocket ba.

Ku duba abin da yaron nan yake da shi. Lensinsa biyu na Canon ne, za su hau kanta kai tsaye ba adafta. Tana da ND, filtar rage haske, a cikinta, mataki 2 da 4 da 6, ka murɗa kawai. Ramin XLR biyu manya a hannunta. Tana da otofokas na Dual Pixel irin na 80D ɗinsa, ko da yake a tsakiyar hoto yake aiki. Batir ɗaya ya kai ka daga safe har kusan Azahar. Katin SD na gama-gari take ci, awa ɗaya ba ta wuce gigabait goma sha wani abu, laftof ɗinsa za ta yanka shi tana hamma. Kuma kalarta da ta 80D 'yan gida ɗaya ne, sai ya zama yana da kyamara biyu a wurin hira, ɗaya a kan miji ɗaya a kan mata. Mai dogon zango gudu ake yi, wani lokaci fitowa goma sha biyar a wuni. Kyamarar da za ka ɗauko daga jaka ka danna ita ce abokiyar tafiya.

Ɗan Jos: Baba da girmanka, amma 8-bit ce fa, 4:2:0. Ka ja kalar kaɗan sararin sama ya fara yin layi-layi. Yaron yana son ya bar 8-bit ne, ka mayar da shi.

Baba Zoo Road: Gaskiyarka, ba ta jure ja. Shi ya sa ake gyara haske a lokeshon, ba a bar wa Hajiya ta yi sihiri ba. Amma ka sani sensarta 4K ce, a ciki take tace hoton ta sauko da shi 1080, shi ya sa 1080 ɗinta ba irin na 80D ba ne.

Hajiya Edita: Allah Ya saka Baba. Kullum sai a kawo mini fuska a duhu a ce “ai RAW ne, ki ɗago shi.”

Na Damagaram: Salamu alaikum, ina biye da ku daga nan. Tambayata, in ya yi 1080 gasar za ta karɓa? Na ji ana cewa yanzu ko'ina 4K ake nema, kuma Netflix ba sa karɓar fim sai an yi shi da kyamarorin da suka lissafa.

Ɗan Jos: Wa alaikumus salam. Maganar Netflix ana yawan juya ta. Suna da jerin kyamarorin da suka amince da su, FX3 tana ciki, Panasonic S1H ma tana ciki, kuma ƙa'idar ita ce kashi 90 cikin ɗari na fim a ɗauke shi da su. Amma wannan ya shafi aikin da su suka ba da kuɗin yin sa ne. Fim ɗin da ka gama da kanka suka zo saye, ba wannan jerin ake dubawa ba. Gasa kuma, fayil ɗin da ake haskawa a sinima akwai na 2K, 2048 a 1080, kuma ɗakunan kallo da yawa a duniya da shi suke aiki. ARRI Alexa ta farko ba ta kai 4K ba, kuma an yi shekaru manyan finafinan Amurka da ita ake yin su. Don haka ni ba rashin 4K ne ya dame ni da shawarar Baba ba, ƙarancin kalar ne.

Sarkin Gimbal: Ai shi ya sa na ce Sony. The Creator na 2023 da FX3 aka ɗauke shi, FX30 kuwa ƙanwarta ce, jiki ɗaya, menu ɗaya.

Mai Sauti: Fim ɗin da aka kashe wa wajen dala miliyan 80. Ka tambayo mana nawa ne kuɗin fitilunsu.

Sarkin Gimbal: Ni dai na faɗi abin da kyamara za ta iya.

Baba Zoo Road: Sarki, tambaya ɗaya. In ya sayi FX30, da wane lensi zai yi wannan kama idon da kake yabo?

Sarkin Gimbal: Ya sa adafta mana, akwai MC-11 na Sigma.

Baba Zoo Road: Kai ka san lensin Canon a kan adafta ba ya bin fuska a bidiyo yadda na Sony ke yi. Ya biya 1,800 saboda otofokas, sannan ya rasa shi saboda ba kuɗin lensi. Kuma MC-11 ba ta ɗaukar lensin Canon samfurin EF-S, 18-135 ɗinsa kuwa irinsa ne, ya tashi a banza.

Sarkin Gimbal: To ya sayi Sigma 18-50 f/2.8 na Sony daga baya.

Hajiya Edita: Da wane kuɗin? Na yayan nasa ya ƙare.

Ɗan Kurna: Yaya Ɗan Jos, ita Pocket ɗin lensina za su hau?

Ɗan Jos: Nan ma sai da adafta, bakinta Micro Four Thirds ne. Kuma sensarta ƙarama ce, kusan ninki 1.9 take matso da hoto, 50mm ɗinka zai koma kamar 95. A ɗakunanmu na cikin gari sai ka fasa bango kafin mutum biyu su shiga firem. Maganinsa Speed Booster na 0.71, Metabones ko Viltrox mai sauƙin kuɗi, yana buɗe hoton ya kuma ƙara haske mataki ɗaya. Sai dai 18-135 ɗinka EF-S ne, bayansa ya tsawaita, ba ya shiga. Abin da mutane suka saba haɗa mata shi ne Sigma 18-35 f/1.8. In kana son lensinka biyu su hau ba wahala, Pocket 6K G2 ce, bakinta EF na Canon, amma ita ta fito a kan 1,995, ta cinye kuɗin duka, kuma fayil ɗinta ya fi nauyi.

Hajiya Edita: 6K a kan RAM 8. Allah Ya kiyaye.

Alhaji Mai Shago: Ina da 6K Pro ma, mai ND a ciki. Araha ba ta ado, ku bar yaro ya sayi abu mai kyau sau ɗaya.

Shugaban Zaure: Alhaji.

Alhaji Mai Shago: Na yi shiru.

Na Damagaram: Me ya sa ba wanda ya kawo Panasonic GH5? Mu nan ana aiki da ita. 2017 ta fito, tana ɗaukar 4K 10-bit 4:2:2 a cikin katin SD, tana da rage girgiza mai kyau, ba ta yanke ɗauka bayan minti talatin, kuma an rufe jikinta saboda ƙura da yayyafi. Da hazon hunturu irin namu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sarkin Gimbal: Otofokas ɗinta fa? Yana ta numfashi, gaba baya.

Na Damagaram: Da hannu muke juyawa. Kuma da yake sensar ƙarama ce, fokas ɗin yana da faɗi, ba ka cika kuskure ba. Rauninta dai duhu ne, in ka haura ISO 1600 sai ɗige-ɗige kamar ƙura su fara fitowa a hoto. V-Log ma, tsarin ɗaukar da ke barin sarari don gyaran kala, daban ake sayen sa, mai sayen ta hannu ya tambaya ko an riga an sa.

Ɗan Jos: Wannan shawara ce mai kyau, bakinta ɗaya da Pocket, lensin da ka saya mata gobe zai hau Pocket in ka samu hali.

Baba Zoo Road: Tun da an zo maganar rana da ƙura, bari in ƙara abin da ba a rubutawa a jikin kwali. FX30 in za ka yi S-Log3, wato nata irin V-Log ɗin, ISO ɗinta na tushe 800 ne. Shota kuma 1/50 za ka tsaya. Da tsakar rana a Kano, in kana son f/4 sai ka rage haske wajen mataki 8. Pocket da ke kan 400, mataki 7. Ke nan filtar ND dole ce ga duka biyun, kuma ta arha tana sa kore ko ta zana maka gicciye a sama. Ita Pocket in ka ɗora mata ND mai kauri, baƙin yadi yakan koma ruwan ƙasa, sai an ƙara filtar IR. Ka tuna yawan baƙar abaya da baƙin hijabi a labaranmu.

Sannan duk su biyun kamfanoninsu sun rubuta iyakar zafin aikinsu digiri 40 ne. A watan Afrilu garin nan yana wuce haka a inuwa. Lema da farin tawul suna cikin kayan aiki, ko da fanka ko babu.

Hajiya Edita: Baba ka tuna mini. Don Allah ƙanena, duk wadda ka saya ka sa ta a firem 25, shota 1/50. Wutar ƙasar nan 50Hz ce. Kyamarar da ta zo daga Amurka za ka same ta a kan 24 ko 30 ko 60, saboda tasu wutar 60Hz ce, kuma masu koyarwa a YouTube yawanci can suke. Ka bi su ka ɗauka a ƙarƙashin ƙwan ɗaki, sai hoto ya riƙa ƙyaftawa, gyaransa a wurina azaba ne. In za ka yi tafiyar hawainiya, 50 ko 100. Tashoshin nan irin Arewa24 ma a tsarin 25 ake watsa su, in wata rana suka nemi aikinka ba sai an juya shi ba. In kuma kuna kan ƙaramin janareta ne, ka gwada ka kalla a allo kafin a fara, ba kullum yake tsayawa daidai 50 ba.

Ɗan Kurna: Wallahi na ƙaru. Amma yanzu kaina ya fi ɗazu kullewa. Da biyu nake tunani, yanzu sun zama huɗu.

Mai Sauti: Ka raba aikin gida biyu mana. Mai dogon zango watanni za ku yi kuna ɗauka, wannan dole da kayanka. Gajeren fim ɗin kwana nawa ne?

Ɗan Kurna: Bai fi uku ko huɗu ba.

Mai Sauti: To wannan haya za ka ɗauka. A Zoo Road akwai masu ba da FX3 ko 6K da lensi har da yaron da zai biyo kayan. Kada ka sayi kyamarar shekara saboda aikin kwana huɗu.

Ɗan Jos: Na yarda da rabi. Haya tana da kyau, amma wanda bai taɓa riƙe Log ko RAW ba in ka miƙa masa ranar ɗauka, zai lalata fim ɗin gasar ne. Hannu sai da sabo. Shi ya sa nake son ya mallaki wadda za ta koya masa gyaran kala tun yanzu. Shekara biyu a kan C100 zai ƙware a gudu, amma ba zai san abin da ake nema a wajen Kano ba.

Baba Zoo Road: C100 tana da Canon Log, ya koya a kai. Abin da ake nema a wajen Kano kuma labari ne da haske, na ga yaranku na makarantar fim ta Jos da manyan kyamarori suna haska fuska kamar ofishin 'yan sanda.

Ɗan Jos: Baba wannan kuma sharri ne.

Baba Zoo Road: Kaɗan ne a ciki.

Shugaban Zaure: A dawo kan yaro. In ta hannu zai saya, me zai duba? Don an sha kawo ƙara zauren nan.

Na Damagaram: Ya je da katinsa da lensinsa da laftof. Ya rufe bakin lensi ya ɗaga ISO ya ɗauki baƙi, ya duba a babban allo ko akwai ɗigon da ke haske. Ya ɗauki farin bango a f/16 don ganin datti ko ƙarce a sensa. Ya bar ta tana ɗauka rabin awa ba tsayawa. Ya jijjiga wayar HDMI a raminta ya ga ko hoto na yankewa, a nan suka fi lalacewa. Ramin kati biyu duk ya gwada.

Baba Zoo Road: C100 tana nuna awannin da ta yi aiki a menu, ya duba. Ya murɗa ND ɗin duka ukun. Lensi kuma ya haska shi da tocilan, wanda ya zauna a Legas ko Fatakwal yakan yi furfura a ciki saboda laima.

Hajiya Edita: In Pocket ce ta hannu, ya tambayi katin lasisin DaVinci. Sau da yawa mai ita ya riƙe abinsa, kuma kuɗin da Ɗan Jos ya lissafa ɗazu ya fita ke nan. Batir da kati kuwa jabu sun cika kasuwa. Akwai wanda ya taɓa kawo mini aikin wuni guda a katin da aka rubuta 128 a jikinsa, ashe cikinsa bai kai haka ba, rabin fayilolin ba su buɗe ba. Ka cika kati taf ka kwafe ka gani kafin ka kai shi lokeshon.

Alhaji Mai Shago: Ni a wurina ka zo ka gwada har ka gaji. Abin da zan faɗa dai, kada ya yi ta jan ƙafa da naira a hannu. Kun ga yadda aka yi, kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500. Kayan nan duk da dala ake shigo da su.

Mai Sauti: Yau dai Alhaji ya faɗi wadda ba talla ba ce.

Sarkin Gimbal: Talla ce, ta sa hula ne kawai.

Ɗan Kurna: To ga yadda na tsara, ku gyara mini. FX30 na cire ta, ba don ba ta yi ba, kuɗina ne bai kai lensinta ba, Yaya Sarki ka yi haƙuri. Kyamara ba za ta wuce rabin kuɗin ba. Dubu ɗari biyar na sauti. Sauran fitila biyu, ƙafar kyamara mai kan bidiyo, SSD biyu, da ƙarin RAM. Gajeren fim ɗin haya zan yi. Saura in zaɓa tsakanin C100 ta Baba da GH5, ko Pocket ta hannu in ta faɗo da arha.

Mai Sauti: Dubu ɗari biyar ɗin na rubuta, akwai shaidu.

Sarkin Gimbal: Ba komai. Ranar da ka bi jarumi da gudu cikin Kasuwar Kurmi kana juya fokas da hannu za ka neme ni.

Ɗan Jos: Kafin ka ƙara RAM ka duba ko laftof ɗin tana karɓa, wasu a manne yake. Kuma kada ka biya kuɗin kowacce sai ka ga hotonta a kan kwamfutarka. Akwai Pocket a hannuna, ina shigowa Kano ƙarshen mako.

Baba Zoo Road: Tawa C100 tana ofis. Ku zo Asabar da hantsi, a samo mutum ɗaya mai farar riga da mace mai baƙin hijabi, a ɗauke su a rana, a ɗauke su a ɗaki, da kyamara biyun. Na Damagaram, GH5 fa?

Na Damagaram: Zan tura fayil na asali ta Google Drive in intanet ta yarda, kada a ce ta WhatsApp, yana matse shi.

Hajiya Edita: Ka taho da laftof ɗin taka ƙanena, a kanta za a buɗe su, ba a kan tawa ba. Ka zo da cajarta.

Ɗan Kurna: In sha Allahu Anti. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Yaya Ɗan Jos, ND ɗin da za a gwada a Pocket, in zo da tawa ta biki ko kana da ita? Tawa 67mm ce.

Ɗan Jos: Sigma ɗin 72 ne, ba za ta hau ba. Zan taho da tawa.